Autan Tanti Huseina

Zabuwa tsuntsuwa ce mai wuyar sha'ani. Da damina tana zuba ƙwai kamar ba za ta daina ba, cikin ciyawa, bayan rumbu, har ƙarƙashin matacciyar mota, amma ba ta cika zama ta kwanta a kansu ba. In ma ta ƙyanƙyashe, sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa tun da sassafe, kafin hantsi rabinsu sun sandare. Duk Malanbil ban san wanda ya fahimci tsuntsuwar nan kamar maƙwabciyata Tanti Huseina ba, ita da aikinta ba kiwo ba ne.

Ungozoma ce ta likita, a wata ƙaramar matarnite, wato asibitin haihuwa, da ke bayan kasuwar albasa. Ta daɗe a aikin. Cikin yaran da ta yanke ma cibiya, wasu yanzu 'yan duwan ne masu duba kaya a bakin gada, wasu suna tuƙa kamiyo, manyan motocin kaya, zuwa Kutunu, wasu kuma su ne ke kawo mata matansu a bayan moto, wato babur. Iyayenta Arawa ne 'yan kasuwa da sunka zauna garin tun tana goye. Tana jin Dendanci da Zabarmanci da Faransanci, Fillancinta kuwa na gaisuwa ne da na tsiya. Kafin ta ɗora jariri a sikeli takan ɗaga shi a tafin hannu ta ce zabuwa biyu, ko zabuwa biyu da rabi, sannan ta duba abin da sikelin ya ce.

A gida tana tsintar ƙwan zabinta tana sa ma kaji su kwanta. In ruwa ya jiƙa 'yan tsakin, sai ta kwashe su ta zuba cikin rigarta, ta ci gaba da tuƙin tuwo. Mijinta Malam Sallau, tsohon tela ne a bakin gudoro, titin kwalta, yakan ce shi kaɗai ne a garin in ya gai da matarsa ƙirjinta ke amsawa da tsiyau-tsiyau. Wata shekara an kira ungozomomi ƙarin karatu a Kutunu, anka nuna musu yadda ake rainon bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, anka kuma nuna musu hoton wata dabba ta wata ƙasa mai nisa da Allah ya halitta da aljihu a ciki don ɗanta. Ta dawo tana murna kamar wadda anka ba ta gaskiya a kan wata tsohuwar gardama. Ni dai har yau ina tunanin abin da dabbar nan ke ajiyewa a aljihun in ba ta da goyo.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a daminar shekarar da anka yi zaɓen 'yan majalisa, lokacin da ruwa ya jiƙe hotunan 'yan takara har fuskokinsu sunka zubo a bangon kasuwa. Ranar kasuwa ce. Anka turo amalanke har ƙofar matarnite, a kai wata yarinya Bafillata tana zaune a miƙe kamar an kawo ta ziyara. Sunanta Rauda, daga wata ruga bayan Madekali. Mai biye da amalanken surukarta ce, Balkisu, tsohuwa doguwa mai tari. Tallar nono sunka zo. Naƙuda ta kama yarinyar tun da safe tana zaune a bayan ƙwaryarta, ba ta ce ma kowa komai ba, sai da ludayin da ke hannunta ya karye sannan tsohuwar ta dube ta da kyau.

Cikin fari ne, wata bakwai. Da ya cika, da an riga an kai ta gidan iyayenta ta haihu a can kamar yadda aka saba. To iyayen sun bi shanu sun ƙetare kogi, ba wanda ya san mashayar da suke. Haihuwar ta same ta a hannun surukai.

Ta haihu ba ta ko yi nishi ba. Huseina takan ce ihun matan gari bai taɓa ba ta tsoro ba, shirun matan ruga ne ke sa ta gumi. Ɗa namiji ne, ja, fatarsa kamar ɓawon albasa na ciki, kukansa sai an kasa kunne. Ta ɗaga shi a hannu guda ta ce zabuwa ɗaya, ita ma ba mai ƙiba ba. Sikeli bai yi mata gardama ba.

Ta duba shi tsaf. Yana numfashi da kansa, da ta ɗiga masa nono a leɓe ya haɗiye. Ta buga ma likitan da ke kula da su waya, sunka yi shawara. Akwatin gilashi mai ɗumi da ake sa irin waɗannan yara yana can Paraku, tafiyar yini cikin ruwa da iska, yaron ba zai kai ba. Sunka tsaya a kan ƙirjin uwa. Abu guda ne zai kashe shi, sanyi, kuma abu guda ne zai hana, kada a raba shi da jikin mutum.

Balkisu ta riga ta nemo wuta da tukunya za ta dafa ruwan wanka. Huseina ta hana. Tsohuwar ta ce jaririn da ba a cuɗe shi ranar haihuwa ba, ƙarni zai bi shi har tsufa, ba macen da za ta zauna da shi.

"Bari shi kai tsufan tukuna, Inna," in ji Huseina. "Turaren ni zan saya."

Ta sa masa 'yar hula, ta kwantar da shi tsakanin nonon uwarsa kamar kwaɗo, ta kawo zane ta ɗaure su tare, ta jawo riga ta rufe. Ta gaya ma Rauda kada ta cire shi ko za ta ci abinci, ko za ta yi barci. Da Balkisu ta fita neman wanda za ta aika ruga, Huseina ta leƙo ta ga yarinyar ta sa hannu biyu ta tallafe ƙunshin, tana kallon cikin wuyan rigarta.

Washegari ruwa ya wayi gari yana zuba. Wata 'yar Garu ta zo da tagwaye, na biyun ya juyo da ƙafa, Huseina ta shige ɗakin haihuwa ba ta fito ba sai da rana ta kusa tsakiya. Ta wanke hannu ta nufi ɗakin masu jego. Tun daga ƙofa ta ji Fillanci. Matan ruga sun iso barka, sun cika ɗakin da ƙwarya da malafa. Rauda tana kwance ta juya fuska ga bango. Yaron yana can ƙarshen gado, a kan ninkakken zane, kusa da taga, iskar ruwa tana kaɗa masa hula.

Huseina ta taɓa ƙafarsa ta ji ta kamar gindin randa. Leɓensa ya fara canza launi, ko motsi ba ya yi sosai.

Wanda bai san mutanen nan ba zai ce yarinyar ba ta son ɗanta. Ba haka ba ne. A wurinsu ɗan fari abin kunya ne ga uwa. Ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta kallonsa, ba ta nuna ta san an haife shi, balle a gaban dangin miji. Wadda ta yi haka an samu abin faɗi a kanta har ta yi jika. Matan da ke ɗakin ba su ga laifi ba. Yabonta ma suke yi a hankali, suna cewa 'yar gidan mutunci ce.

Huseina ba ta yi faɗa ba, ba lokacinsa. Ta ɓalle maɓallan farar rigarta ta aiki, ta sa yaron a ƙirjinta, ta ɗaure da ɗankwali, ta yafa mayafi a kai. Ta ce ma matan su fita baranda su sha iska. Ta zauna a bakin gadon tana shafa bayansa ta cikin riga, har ta ji ɗan ƙafarsa ya shure ta. Sannan ta sa Rauda ta tatso nono a ƙaramin kofi, ta ba shi da cokali, ɗigo-ɗigo.

Ta tambayi yarinyar ko ba ta ji abin da anka gaya mata jiya ba. Rauda ba ta juyo ba.

"Na ji, Inna. Na san shina jin sanyi. Ina jin sanyin nashi cikin bayana. Amma surukata na tsaye, ga gwaggonninshi."

Huseina ta zauna da maganar nan. Tana iya korar matan, ta sa mai gadi ya hana su shiga. To wa zai dafa ma mai jego? Kuma in ta kore su yau, gobe fa? Ba kwana biyu yaron zai yi a ƙirji ba, sai ya yi makonni, wasunsu a ruga, inda surukai ke shiga da fita kamar kaji. Ita kanta ba za ta yi ta karɓar haihuwa da bakwaini a riga ba. Balkisu kuwa, da tarin nan nata, ko kusa ba za ta bar ta ta manna shi a ƙirji ba.

Tsohuwar ta leƙo da tata shawara. A ba ta shi ta tafi da shi gida, ta shimfiɗa auduga cikin ƙwarya ta ajiye shi kusa da wuta, haka iyaye ke yi. Huseina ta tambaye ta ko ta taɓa ganin wanda ya rayu a haka. Ta ce akwai wani. Huseina ta ce sauran fa? Tsohuwar ta gyara ɗaurin zanenta.

Ruwa ya ɗan tsagaita bayan azahar. A ƙofar matarnite akwai wata bishiyar bedi babba inda maza ke jira. Nan kakan yaron, tsoho Jibirin, yake zaune a kan buzu, sanda a kafaɗa. Uban yaron, Mamudu, shi ma kunyar ta kai shi can wurin masu moto, ya duƙa yana duban tayar wani kamar saye zai yi. Huseina ta fito da mayafinta a rufe, yaron a ƙirjinta, ta tsaya a gaban tsohon. Arawa da Fulani abokan wasa ne tun kakanni, don haka ba ta durƙusa ba.

Ta ce masa ta ji an ce Bafillace ya zo gari, shi ya sa ta ɓoye tukunyar miyarta. Ya ce da ya san Ba'ariya ce ke riƙe da wurin nan, da ya kai surukarsa wurin likitan shanu. Sunka gaisa sosai bayan haka, da shanu da ruwa da jiki. Sai ta tambaye shi, in an yaye yaron nan, a hannun wa zai tashi? Ya ce wannan ai sananne ne, ɗan fari ba ya tashi a ɗakin uwarsa, na kaka ne ko na gwaggo. Ya ƙara da cewa in an kai ga yayen.

"To ba ni shi," in ji ta. "Ba bayan yaye ba. Yanzu."

Tsohon ya yi dariya har sandarsa ta zame. Ya tambaye ta me za ta yi da ɗan Fulani, albasa za ta shayar da shi?

"Baffa, kun aika a kamo ragon suna?"

Dariyar ta tsaya. Bai aika ba. Ba wanda ya yi zancen rago a rugar, kowa ya ga girman yaron a bakin Balkisu.

"Kun riga kun ba ƙasa shi cikin ranku," in ji Huseina. "Ni kuwa ina so. Abin da kunka yar nike roƙo."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga daga ganyen bedin. Sannan ya tambaya, in yaron ya mutu fa? Ta ce to zaman makoki a gidanta za a yi, su zo su yi mata gaisuwa. Ya ce yana son ya ga abin da zai bayar. Ta ɗan buɗe mayafin. Tsohon ya leƙa, ya ga hula da ɗan kunne kamar ganyen zogale. Ya ce shi ma yakan sa ɗan rago a riga in an haife shi cikin ruwa, amma bai taɓa tsammanin ana yi ma mutum ba.

Bai yarda a yi abin a tsaye ba. Ya ce kyautar mutum ba kyautar kaza ba ce. Anka kira mai gadi, anka kira wani malami mai sayar da carbi a bakin hanya, anka jawo Mamudu daga wurin tayar ya tsaya nesa kansa a ƙasa. Huseina ta sa anka sayo goro anka raba. Jibirin ya miƙe ya faɗa da Hausa, ya sake faɗa da Fillanci da ƙarfi yadda za a ji ta taga, cewa yaron da anka haifa jiya ya ba Huseina matar Sallau shi, halak malak, ba na Mamudu ba ne, ba na kowa ba ne a rugarsa. Anka shafa Fatiha.

Huseina ta koma ɗakin masu jego, ta ce ma matan rugar su shigo duka. Da sunka zazzauna, ta tsaya a tsakiya ta fara mita, kamar da kanta take yi. Ta ce ga ta da ɗanyen goyo, ga aiki ya yi mata yawa, mai tagwaye na jira, wata kuma ta fara zagaye a baranda tana riƙe da ƙugu. Ita da tsufanta ko ɗigon nono ba ta da shi. Wa zai taimaka ya riƙe mata ɗanta?

Balkisu ta miƙo hannu. Huseina ta ce Allah ya kiyaye, da wannan tarin? Ta bi sauran da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan za ta koma tatsa, waccan tana da nata goyon. Sannan ta juya ga gadon.

"Ke 'yar Fulani mai kallon bango. Kwance kike ba aikin komai, ga nono na zuba banza. Riƙe mani ɗana."

Rauda ba ta motsa ba. Matan sunka dubi juna. Yarinya ta ƙi ɗaukar ɗanta, wannan tarbiyya ce. Amma babba ta miƙo nata ɗan ta ce a riƙe mata, yarinya ta ƙi, wannan kuma wani abu ne daban, kuma a gaban Ba'ariya, wadda za ta kai labarin kasuwa. Balkisu ce ta fara ganewa. Ta yi tari, ta daka ma surukar tata tsawa a hankali:

"Ba ki ji babba na magana ba? Tashi ki karɓa mata. Kada ki ba mu kunya."

Rauda ta tashi zaune. Ta buɗe rigarta a gaban surukarta da gwaggonnin mijinta, ta karɓi yaron. Huseina ta ɗaure su, ta ja ƙullin da kyau, tana ba da umarni da murya sama. Ba ta yarda a ajiye mata ɗa ba ko na ƙiftawar ido. A riƙa duba mata fuskarsa a kai a kai, a ga ko yana numfashi. In ya yi kuka a rarrashe shi, a yi masa waƙa, ita ɗanta ba ya son shiru. Rauda ta ce to, Inna. Ta sunkuyar da kai tana duba fuskar ɗan mutane kamar yadda anka umarce ta, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da yamma Huseina ta koma gida ta tarar da Malam Sallau yana kora zabi cikin akurki yana zaginsu. Ta gaya masa an yi masa ƙaruwa, namiji. Ya tambaya kaza ce ta ƙyanƙyashe ko agwagwa. Da ta gama ba shi labari ya zauna a kan turmi, ya ce shekara da shekaru yana jin tsoron ranar da za ta shigo da aikin nan gida, ga ta ta zo. Ya tambayi nauyin yaron. Ta faɗa masa. Da safe, kafin ya buɗe shago, ya ɗinka huluna ƙanana guda uku da ragowar yadin wani alhaji, ya ce ɗansa ba zai sa hular gwamnati ba.

Kwanakin farko ba su yi daɗi ba. Yaron ya rage nauyi kafin ya fara ƙaruwa, kamar yadda sukan yi. Bai iya kama nono ba, sai cokali, kuma yakan yi barci a tsakiyar haɗiya sai an murza masa tafin ƙafa. Wata rana da hantsi numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci. Rauda ce ta ji, da yake a jikinta yake. Ta shafa bayansa yadda anka koya mata, ta ƙwala ma Huseina kira da muryar da ba wanda ya san tana da ita, tana cewa Inna zo ki ga ɗanki. Kafin Huseina ta iso ya ja numfashi ya yi atishawa. Likita ya zo ya duba shi, ya ƙara wani magani, ya ce a ci gaba yadda ake yi.

Matan ruga sunka ci gaba da zuwa ranakun kasuwa. Yanzu in sun shigo Huseina suke yi ma barka, su tambaye ta kwanan yaro, ita kuma ta juya ta tambayi mai riƙo. Rauda sai ta ba da labari dalla-dalla, sau nawa ya sha, yadda ya yi miƙa, yadda ya kama mata yatsa. Ba mai cewa ta yi rashin kunya, amana ce take bayar da bayaninta. Mamudu ma ya samu hanya. Ya fara kawo ma Tanti madara a gora, wai don ɗanta, yana tsayawa a bakin taga yana miƙowa, idonsa na can cikin ɗakin.

Ranar suna Malam Sallau ya ja rago har gindin bedin, yana gaya ma duk wanda ya gamu da shi cewa Fulani sun haihu sun bar masa yanka. Jibirin ya zo da mutanensa a matsayin baƙi, ya zauna a gefe, ya ce bai taɓa cin naman Ba'are ba sai yau, kuma ya ji ba gishiri. Ba a fito da yaron ba. Wanzami ya zo da askarsa, uwar ɗa Huseina ta sallame shi da cinyar rago, ta ce aski sai gashi ya samu kan da zai zauna. Huseina ta sa anka yanka zabinta guda shida don matan ɗakin masu jego, ta tsaya tana kallo ana fige su, tana faɗin halin kowace. Sallau ya raɗa ma yaron Bilyaminu. Ya ce sunan auta ne, kuma yana roƙon Allah ya sa wannan ne autan.

Daga nan sai abin ya miƙe. Yaron ya kama nono da kansa wata safiya, Rauda ta aika a kira Tanti ta zo ta gani. Fatar nan ja ta cika ta yi duhu, wuyan ya yi ninki. Huseina ta ɗaga shi ta ce zabuwa da rabi. Da kogi ya cika ya shanye gonakin shinkafa na bakin Garu, yaron ya fara ƙin ɗaurin. In an sa shi a ƙirji sai ya yi gumi, ya turo hannu ta wuyan riga, ya yi ta shure-shure yana ihu, ihun da ake ji har gindin bedi. Huseina ta tsaya a ƙofa tana saurare kamar mai jin kiɗa. Ta ce shi ke nan, ya ce ya gode, ɗumin kansa ya ishe shi. Ranar ta yarda Balkisu ta dafa ruwa. Tsohuwar ta cuɗe shi sau uku, tana cewa tana biyan na baya.

Ranar sallama Jibirin ya zo da amalanken jaki. Huseina ta fito da yaron a hannu, ta ce ta yanke shawara za ta tura ɗanta ruga ya sha nono ya yi ƙwari, tare da mai riƙonsa. Tsohon ya ce sun karɓi amana, in an yaye shi zai kawo mata abinta har gida, da 'yar karsanar da ya ware masa. Huseina ta yi dariya, ta rage murya ta ce masa ai ya san dabara ce ta yi don yaron ya rayu.

"Ke kinka yi dabara," in ji shi. "Mu Fatiha munka yi."

Ta dube shi ta ga ba wasa a fuskarsa. Ta dubi Rauda, ta ga yarinyar ta daina ɗaure kaya, ta tsaya. Huseina ta gyara tsayuwa. Ta ce to madalla, tunda nata ne, ita ke da iko da inda zai zauna. Ba za a kai shi ɗakin kaka ba, ba za a kai shi ɗakin gwaggo ba, ba kuma za a kawo shi gari ba sai ranar da ta aika da bakinta. Yana hannun wadda ta ba riƙo. Duk ranar kasuwa ta farkon wata a kawo mata shi ta auna, ta yi masa allurarsa. Karsanar kuwa a bar ta cikin garke, gidanta zabi sun cika shi. Jibirin ya ce wannan magana ce ta uwa, ba mai ja.

Da ta zo miƙa yaron ta matso kusa da kunnen Rauda.

"Ni mantuwa gare ni, ɗiyata. Kada ki zauna jiran aikena."

Rauda ta goya shi a baya, goyonsa na fari, ta hau amalanken ta zauna kusa da surukarta. Jibirin ya kama igiyar jakin. Sun kai bakin ƙofa ke nan wata mai tallar ƙosai ta leƙa goyon ta tambayi sunan yaro. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, har ta mutu sai dai ta ce wancan, ko yaron nan. Mai ƙosai ma Balkisu ta kalla da ta yi tambayar. Amma Rauda ce ta amsa, a gaban surukinta da surukarta da mijinta da ke tafe a baya.

"Bilyaminu," in ji ta. "Ɗan Tanti na. Bilyaminu sunanshi."

Jaki ya ja, sunka bi ta cikin kasuwar albasa. Huseina ba ta tsaya ganin ƙurewarsu ba, don an riga an kira ta daga ciki, wata 'yar Madekali faya ta fashe mata a kan moto.